Ruwa abokin aiki: kowace rariya da idonta

Damana ta ɗauke, tabkuna sun cika. Daga Madarunfa zuwa Tabalak, daga Tabalak zuwa Gidimuni, ruwa ya kwanta, kuma kowa da buƙatarsa. Mata na ɗiba, makiyaya na shayar da bisashe, masu lambu na ban ruwa, masunta na jiran kifin da aka zuba ya girma. Ruwa ɗaya, masu shi da yawa. Saboda haka filin wannan wata ya tsaya kan tatar ruwa: abin da mataci ke kamawa, da abin da ke wuce shi.

Kowace mace ta san rariya. Mai faɗin ido tana barin tsaki ya wuce, mai ƙaramin ido ba ta barin komi sai gari mai laushi. To, matacin ruwa haka yake, aikinsa duka ga ido yake. Masana suna auna wannan ido da wani ma'auni da ake kira mikoron. A ɗauki milimetir guda a raba shi kashi 1000, kashi ɗaya shi ne mikoron. Kaurin gashin kai guda ya kai wajen mikoron 70. A riƙe wannan lissafi, domin da shi za a gane sauran bayanin.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, sai su tambayi tsofaffi. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, cikin ruwan tabki ake shan shi. Akwai wani ɗan ƙwaro na ruwa, ƙanƙane kamar ƙuma, girmansa wajen milimetir guda. Shi ke haɗiye ɗiyan tsutsar. Mutum ya sha ruwa, ya sha ƙwaron. Sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta huda fata, galibi ga ƙafa, tsawonta har ya kai metir guda. Zafi ya sa mai ciwon ya tsoma ƙafa cikin tabki don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da dubban ɗiya, abin ya sake sabon zagaye. Mugun abin shi ne lokacin fitarta yakan faɗo daidai da aikin gona. Magidanci na kwance, ciyawa na cin hatsi.

Da aka yi ƙidaya a shekara ta 1991, an samu kusan mutum 33,000 masu kurkunu a Nijar, kuma jihar Damagaram na cikin inda ya fi yawa. Ciwon ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Abin da ya kashe shi, shi ne gina rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tabki, da zuba wani magani mai kashe ƙwaron, sannan da ɗan ƙyallen nailan mai ido mikoron 100 da aka rarraba gida gida. Ƙwaro mai milimetir guda ba ya iya bi ta ido mai mikoron 100. Shi ke nan dabarar. An ga na ƙarshe da ya kamu cikin ƙasa a 2008, kuma a watan Disamba na 2013 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Matan karkara da suka jure ɗaura ƙyalle ga bakin tulu safe da yamma, su ne suka ci wannan yaƙi, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

A ƙasar Bangaladash, can nahiyar Asiya, an gwada irin wannan dabara kan kwalara, watau amai da zawo. Wata masaniya ƴar Amurka mai suna Rita Colwell da abokan aikinta sun lura ƙwayar kwalara tana manne wa ƙananan ƙwarin ruwa. Sai suka koya wa matan ƙauyuka su ninka tsohon zanensu sau 4 su tace ruwa. Zane mai ninki 4 idonsa yakan koma wajen mikoron 20. Sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu kusan rabi a ƙauyukan da suka yi tatar. Rabi fa aka ce, ba duka ba. Ita ƙwayar kanta ba ta wuce mikoron 2 ba, in ta saki ƙwaron da take manne da shi, zane ba ya tsai da ita. Don haka lokacin annoba, bayan an tace sai an tafasa ko an sa maganin tsabtace ruwa.

Daga nan ne aikin tantani ke farawa. Tantani wata fata ce ta roba, sirirya kamar ta cikin ƙwai, wadda ake ƙerawa da idanu da ba a gani sai da madubin likita. Akwai mai ido mikoron 0.2, wanda ke tsai da ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Akwai wanda ya fi shi matsewa sau 10, shi kuma har ƙwayoyin da suka fi waɗannan ƙanƙanta yana kamawa. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, gishirin da ya narke cikin ruwa ma ba ya wuce shi. Wasu masana biyu, Loeb da Sourirajan, su suka samo hanyar ƙera irinsa mai amfani wajen shekara ta 1960 a jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles. Alhazai sun sha aikinsa ko ba su sani ba: yawancin ruwan pampo na Jidda da Makka ruwan Bahar Maliya ne da aka raba da gishiri, wani ta hanyar dafawa, wani ta tantani.

Sai dai kowane ido da kuɗɗinsa. Ƙyalle, nauyin ruwa kaɗai ya ishe shi. Tantanin da ke cire gishiri sai da inji mai tura ruwa da ƙarfi, sai da lantarki, kuma wani kashi na ruwan zubar da shi ake yi, domin can dauɗar ke taruwa. Garin da ba shi da mai gyaran pampo kusa, sayen irin wannan inji kafin a horar da mai kula da shi zubar da kuɗɗi ne.

Amma akwai inda ƙyalle ba ya da abin yi ko kaɗan. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maradi, sun san wannan. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi, ruwa garau, ba laka, ba wari. Shekaru suka wuce, sai aka fara ganin yara da haƙora masu tsatsa, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da wani sinadari na cikin duwatsun ƙasa mai suna fuluwor. Ƙa'idar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligaram 1.5 cikin litir guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau 3. Fuluwor narkewa yake yi kamar gishiri. Zane ba ya kama shi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, tun da ruwa ne ke tashi shi yana zaune. Sai tantani na ƙarshe, ko a sake rijiya. Ido bai gan shi ba, harshe bai ji shi ba, awo kaɗai ya tona shi.

Kifi ma yana da nasa irin ruwan, kuma ba lalle ya zama garau ba. Ruwa mai ɗan kore shi karfasa ke so, domin ƙananan tsirran da suka rina shi abincinta ne. Da rana tsirran nan suna ba ruwa iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuma su ma shaƙa suke yi. In sun yi yawa, kafin asuba iskar ta ƙare. Mai kiwon kifi ya je bakin ruwa da sassafe. In ya ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki, ruwan ya gaza. Tarwaɗa tana jurewa don tana iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa takan ruɗi mai ita ya ɗauka lafiya lau. Ga wani awo da ba ya cin ko dala: a tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafin hannu ya ɓace tun ruwa bai kai rabin damtse ba, koren ya yi yawa, sai a rage abinci da taki, a ƙara sabon ruwa.

Abu na biyu shi ne kashin kifin da ragowar abinci. In sun ruɓe suna fitar da amoniya, irin zarnin nan na makewayi, kuma zafin bazara na ƙara mata dafi. A ƙasashe irin su Norwe da Danmark akwai gidajen kiwon kifi da ke juya ruwa ɗaya, suna maido da fiye da kashi 90 cikin 100. Da farko rariyar ƙarfe ta kwashe kashi, wasu kuma suna ƙara tantani don ya kama ƙananan dauɗa da ƙwayoyin cuta. Amma amoniya narkakkiya ce, tana bi ta idon irin wannan tantani ta wuce. Sai an bi da ruwan ta cikin wata ma'ajiya inda wasu ƙwayoyi masu amfani ke zaune, su ke juya ta ta zama abin da ba ya kisa. Babban abin da ke damun masu bincike shi ne toshewa: yauƙi na like idanun tantani, sai an riƙa turo ruwa ta baya ana wanke shi. Mai kwamin siminti a Maradi ko Yamai ba ya buƙatar wannan duka. Ya canza ruwa kan kari, tsohon ruwan kuma ya kai shi ga lambu, taki ne.

Saura magana ɗaya ga masunta, musamman masu tafiya su gabas. Kurkunu bai ƙare ba a duniya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a 2023 mutum 14 kaɗai aka samu. Amma a Cadi, tun 2012 aka lura ya koma ga karnukan ƙauyukan bakin kogin Shari, har aka ƙirga fiye da 1,000 a 2016. Masana na zargin kayan cikin kifi da ake yar wa karnuka ɗanye, domin kifi na cin ƙwaron nan mai ɗauke da tsutsa. Kare mai kurkunu in ya shiga tabki, zai ɓata shi daidai da mutum. Shawarar ma'aikatan kiwon lafiya ita ce a bizne kayan cikin kifi ko a ƙone, kifi kuma ya dahu sosai kafin a ci. Duk wanda ya ga farar tsutsa kamar zare na fitowa ga mutum ko kare, ya hana shi kusantar ruwa, ya sanar da gidan likita mafi kusa.

Ƙyallen tata kuwa, a riƙa ɗaga shi ga hasken rana kafin a ɗaura. In an ga huda ko ta kai kan allura ce, a sake wani. Bayan an gama, a wanke shi da ruwan da aka riga aka tace, kuma kada a juya fuskar da ta kama dauɗa ta koma cikin tulu.