Masu Yabon Tafiya Ba Takalmi, Ku Dubi Ƙasar da Ake Takawa

A 'yan shekarun nan wata magana ta sami gindin zama a bakin wasu 'yan bokonmu: wai tafiya ba takalmi ita ce lafiya, wai Turawa ma sun gano haka, saboda haka yaron ƙauye mai yawo ƙafa a ƙasa ya fi ɗan birni dacewa. Akasarin masu faɗin haka a kan darduma suke zaune, takalmansu na jere a bakin ƙofa. Ya kamata a auna maganar da ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujjarsu ta farko ita ce Abebe Bikila, ɗan Habasha da ya lashe gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, sai dai sukan haɗiye ƙarshen labarin: a 1964 ya sake lashewa a Tokyo sanye da takalmi, kuma ya fi sauri. Hujja ta biyu binciken Daniel Lieberman ne na Jami'ar Harvard, wanda ya fito a Janairun 2010, ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sukan sauka a kan gaban ƙafa, abin da ke rage ƙarfin bugun ƙasa. Binciken bai ce kowace ƙasa ta dace da tafin ƙafa ba. Kamfanin Vibram kuwa, mai takalmin nan siriri mai gidan yatsu biyar, sai da ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a 2014, bayan an kai shi ƙara kan alfanun lafiyar da ya yi iƙirari.

A shekarar da binciken Lieberman ya fito, likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru. An riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa ta game tsakar gida, yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma ta baki da hanci take shiga, don haka takalmi kaɗai ba zai tsare su ba. Amma ƙafar da ta taka ƙurar ita ke kai ta kan tabarma da wurin cin tuwo. Magani bai samu ba sai da aka kankare saman ƙasar aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka kai gare ta. Wanda ya san wannan tarihi zai ji nauyin cewa ƙasa ba ta cutarwa.

A fadamun Gummi, gefen Gulbin Zamfara, barazanar daban ce. Akwai tsutsar ciki wadda ƙwanta ke fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, 'ya'yanta su huda fatar ƙafa, su bi jini zuwa huhu, su ƙare a hanji suna tsotsar jini. Sakamakon shi ne ƙarancin jini ga yara da masu juna biyu. Ga kububuwa, wadda mafi yawan saranta a ƙafar manomi da makiyayi yake. Kaushi da faso ba sa tare dafi.

Gudu ba takalmi kuma mutanen wannan yanki sun san shi fiye da kowane ɗan wasa. A farkon Janairun 2022, da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dubban mutane sun tsere cikin daji. Uwar da ta goya ɗanta ta keta ƙaya da tsakuwa ba motsa jiki take yi ba. Baturen da ya tuɓe takalminsa a filin ciyawa yana da wani a mota, in ya ji ciwo asibiti na kusa.

Illar wannan yabo ita ce yana sauke wa masu mulki nauyi, domin abin da aka kira lafiya ba wanda zai nemi a gyara shi. Gyaran kuwa sananne ne. Ƙananan hukumomin uku su haɗa takalmin roba mai tsawo da takin da ake raba wa manoma. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta sanya takalmi ƙafa-ciki cikin kayan marayu da 'yan gudun hijira. A gina masai, a ba ɗalibai maganin tsutsa, a hana niƙa dutse a cikin gida. Ranar da yaron Bagega ya mallaki takalmi, ƙasar gidansu kuma ta tsarkaka, in ya ga dama ya tuɓe. Kafin nan, mai wa'azin tafiya ba takalmi ya fara tuɓe nasa ya shiga fadamar Gummi da damina.