Zakaran Jar Ƙasa Da Abin Da Ya Faɗa Bayan Ya Ci

Ran 5 ga watan Yuni na 1983, a filin Rolan Garos da ke birnin Faris, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Yannick Noah ya kayar da Mats Wilander, mutumin Suwidin, turmi uku a jere, ya ɗauki kofin wasan tanis na Faransa. Wannan ita ce babbar gasar duniya da ake yi bisa jar ƙasa. Rabon da ɗan Faransa ya ci ta tun 1946, shekara 37 ke nan, har yau kuwa ba a sake samun namiji ɗan ƙasar da ya ci ba. Ana bugun ƙwallon ƙarshe sai mahaifinsa, Zacharie Noah, mutumin Kamaru, ya diro daga wurin 'yan kallo, suka rungume juna tsakiyar fili, suna kuka.

Kowa ya ga wannan ya ce yaro ya gama samun duniya. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da ya tara 'yan jarida, ya gaya musu abin da ba su zaci ji ba. Ya ce tun da ya ci kofin nan bai sami natsuwa ba, har yakan fita da tsakad dare shi kaɗai, ya tsaya bisa gada yana duban Kogin Sen, zuciya tana raya masa mugun abu. Daga nan ya tattara nasa ya nasa, ya bar Faris, ya koma Niyok da zama. Allah ya kiyaye, ya warware, har daga baya ya shugabanci 'yan wasan Faransa suka ci Kofin Dabis a 1991 da 1996 da 2017. Amma maganar nan tasa ita muke so malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi su tsaya su auna tare da mu, gama tana da tushe, tushen kuwa ya shafe mu.

Ga yadda aka yi ya zama ɗan wasa. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda ya shahara a wasan, ya zo yawon ƙasashen Afirka, ya sauka Yawunde. Nan ya ga yaro ɗan shekara 11 yana bugu, bugun ya ba shi mamaki, ya ba shi raket, watau abin bugun ƙwallon, ya kuma yi wa manyan wasan na Faransa magana. Shekara na zagayowa aka ɗauke yaro daga gaban uwa da uba, aka kai shi makarantar kwana a birnin Nis, inda bai san kowa ba. Can ya girma. A shekarar nan ta 1983 kuma wani ɗan ƙasarmu, Nduka Odizor, ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbildon ta Ingila. Shi ma da tsintar ƙwallo ya fara a wani kulob na Ikko, har wani malamin jami'a Ba'amurke ya gan shi, ya tafi da shi Amurka. Ashe 'ya'yan Afirka biyu da suka yi fice a shekara guda, duk baƙo ne ya tsince su bisa katari, duk kuma sai da aka cire su daga gida kafin su zama wani abu. Ba mu ce wannan kaɗai ya jawo wa Noah damuwarsa ba, suna ma kaya ne mai nauyi. Amma wanda aka raba da dangi tun bai san ciwon kansa ba, ran da duniya ta taso masa, da murna ko da baƙin ciki, ina zai jingina?

A duba kuma wanda ya fi kowa cin wannan kofi, Rafael Nadal na ƙasar Sifen, wanda ya ɗauka sau 14 tsakanin 2005 da 2022. Yana ɗan shekara 14 hukumar wasan ta nemi a kai shi Barsalona a horar da shi, iyayensa suka ƙi. Ya zauna garinsu Manakor, baffansa Toni ya ci gaba da koya masa. Iyayen nan sun iya ƙi ne domin akwai fili a garinsu, akwai kuma mai koyarwa. Mahaifin Noah ba shi da wannan zaɓi. Mu ma yau ba mu da shi. Yaron Dambatta ko Bichi ko Minjibir, ko da Allah ya zuba masa baiwar hannu da ido fiye da ta su Nadal, zai girma ya tsufa bai taɓa riƙe raket ba, sai dai labari ya iso masa a rediyo cewa ana gasar Dala a birnin Kano.

Za a ce mana, ina filin? Tambaya ce mai ƙarfi, kada a raina ta. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ƙasar Ungogo da Dawakin Tofa da damina, ya san gona na jingine da gona, iyaka sai ɗan layin gamba ko lalle, ba saura, ba daji. Tun zamanin da ake ɗauko taki a mangala bisa jakuna daga birni ƙasar nan ba ta hutawa. Gādo yana raba gona, mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Shi ya sa filin makaranta ya zama nama a bakin kowa: bana maƙwabci ya matsa kunya biyu, baɗi ya ƙara uku, wata shekara a kafa rumfa, a wayi gari yara ba su da inda za su yi ko langa.

To, a nan ne lissafi ya goyi bayan tanis. Filin ƙwallon ƙafa cikakke yana cin eka biyu ba kaɗan. Filin tanis kuwa tsawonsa ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 36. In an bar wurin ja da baya da na gefe, ya zama ƙafa 120 da ƙafa 60, watau kashi ɗaya cikin shida na eka. A wurin ƙwallon ƙafa ɗaya sai a yanka goma. Makarantar da filinta ya riga ya tafi, da wuya a rasa wannan ɗan tsukin a bayan azuzuwa.

Sa'an nan mene ne filin jar ƙasa? Na Faris ɗin da ake ta kururutawa, farin dutse ne aka shimfiɗa aka danne, aka barbaɗa masa garin jan bulo, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba. Mu kuwa da ke zaune bisa marmara, wa zai koya mana daɓe? Iyayenmu mata sun gāji aikin nan kaka da kakanni. Sun san yadda ake zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi ana waƙa, a kawo makuba ta kwasfar ɗorawa a shafe, ƙasa ta yi ƙarfi kamar siminti. Abin da za a ƙara kaɗai shi ne a daidaita wurin da igiya da ma'aunin magina, a ɗan karkatar da shi don ruwa ya wuce, a tankaɗe garin jar ƙasa ko dakakken tsingaro a watsa a sama, a ja layi da farar ƙasa. Raga kuwa, mai tufkar rama na kowace kasuwa ya iya. Masanan wasan sun yarda bisa irin wannan fili ya fi kyau yaro ya fara, domin ƙasa tana rage wa ƙwallo gudu, sai a daɗe ana musayar bugu, yaro ya koyi haƙuri da dabara maimakon ƙarfi tsagwaronsa, ga shi ba ta cin gwiwa kamar siminti. Ɗan manomi da ya saba jiran gero wata uku, haƙurin nan ba baƙonsa ba ne.

Wahala biyu ce ba za mu ɓoye ba. Jar ƙasa tana son ruwa, in ba a yayyafa ba iskar hunturu ta kwashe garin cikin mako guda. Makarantar da mata ke kwana a bakin rijiya saboda ruwan sha, ba mu ce ta zuba guga ɗaya a filin wasa ba, wannan zalunci ne. A fara da garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa, irin su Tomas da Watari da Jakara, da makarantun da ke da rijiyar burtsatse mai ƙarfi. Ta biyu, raket da ƙwallo kuɗi ne, ba a daɓa su. Amma raket shida sun ishi aji guda su yi karɓa-karɓa, ƙwallayen da 'yan kulob na birni suka gama da su kuwa, a wurin mai koyo sababbi ne. Masu shirya gasar Dala, in an je musu da takarda daga sashen ilmi, ba mu tsammanin za su ce a'a.

Masu cewa wasan Turawa ne da manyan ma'aikata, su tuna da faifs, ƙwallon nan da ake bugawa a bango da tafin hannu. Wasan 'ya'yan masu hali ne na makarantar Iton a Ingila. Malamin makaranta guda, Mista Hogben, shi ya kawo shi Arewa cikin shekarun 1920, da bangon ƙasa aka fara, ɗaliban Kwalejin Katsina suka watsa shi duk inda aka tura su aiki. Sardauna Ahmadu Bello bai bar bugawa ba har yana Firimiya, yau kuwa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi ba mai kiransa baƙo. Ba gwamnati ta dasa shi da doka ba, malamai ne suka ɗauka a ka.

Saboda haka, malam, kai ne Arthur Ashe na ƙauyenku, da bambanci guda: shi ya zo kwana biyu ya wuce, kai kuwa kana tare da yaran nan shekara shida, ka san mai ido, ka san mai zuciya, ka san ubansa. In fili yana bayan aji, yaro zai yi bugu da la'asar ya koma ya ci tuwo gaban uwarsa, ya yi noma da damina, ya yi karatunsa. Ran da ya isa fita Kano ko Kaduna ko gaba, ya fita da hankalinsa da saninsa, ya san inda zai komo.

Kai kuma akawu, naka ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Tun gyaran mulki na 1976 da ya kawar da En'e, takardun filayen makarantu da yawa sun bi hannu sun ɓace. A fito da waɗanda suka rage. Inda babu, a kira dagaci da mai unguwa da maƙwabtan gona, a auna a gabansu, a kafa duwatsu, a rubuta, kowa ya sa hannu, a aje kofe ɗaya wurin hedimasta, ɗaya a ofishin hakimi. A yi shi da kaka, an kawar da kara, iyaka tana bayyane, ƙasa kuma da sauran danshin da za ta karɓi madaɓi.