Yadda ƙananan kwalejojin Amurka ke kare muhalli da ɗan abin hannunsu

A ranar 4 ga Yulin 2025 ne Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan dokar da ta taƙaita rangwamen harajin da ake bai wa ayyukan samar da lantarki daga hasken rana da iska. Duk aikin da ba a fara ginawa ba zuwa 4 ga Yulin 2026, dole ya soma ba da wuta kafin ƙarshen 2027, in ba haka ba ya rasa tallafin.

Matakin ya taɓa ƙananan kwalejoji sosai. Dokar da Joe Biden ya sanya wa hannu a 2022 ta ba makarantun da ba sa biyan haraji damar karɓo kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da suka kashe kan sola. Manyan jami'o'i irin su Harvard na da dukiyar da za su cike giɓin, amma kwalejin da ke dogaro da kuɗin makaranta ba ta da ita.

Sai dai tun kafin tallafin wasu suka nemo mafita. A 2006 ɗaliban Kwalejin Macalester da ke jihar Minnesota suka kafa wani asusu mai juyawa. Ana cire kuɗi a yi gyaran da ke rage shan wuta, sannan rarar da aka samu a kuɗin lantarki ta koma asusun domin aiki na gaba.

Kwalejin College of the Atlantic da ke Maine, wadda ɗalibanta ba su kai 400 ba, ta zama ta farko a Amurka da ta sanar da daidaita hayaƙin da take fitarwa a 2007.

Amma kishin muhalli kaɗai ba ya riƙe makaranta. Kwalejin Green Mountain da ke Vermont ta yi suna a wannan fanni, duk da haka ta rufe a 2019 saboda raguwar ɗalibai da matsin kuɗi.

Shi ya sa ayyukan da ke mayar da kuɗinsu cikin 'yan shekaru, kamar sauya ƙwayayen fitila da toshe kafofin da ɗumi ke zurarewa a lokacin sanyi, suka fi yiwuwar ɗorewa. Manyan filayen sola kuwa, kwalejin da ba ta cika wa'adin ba sai ta nemi bashi ko masu ba da gudummawa.