RA'AYINMU: Kwana Bakwai Tsakanin Kashi da Kashi

Kashi ɗaya na wasannin kwaikwayon nan na zaman iyali da ake nunawa a talabijin da daddare bai cika wuce sa'a guda ba, amma maganarsa takan yi kwana bakwai cur a bakin jama'a, har wani ya zo ya ture shi. A ɗakunan kwanan ɗalibai, da teburin mai shayi, da motar haya, da tsakar gidajen iyayenmu, da kuma wayoyin da ke hannunmu, kullum ana cikin shari'ar mutanen da ba su taɓa zama a duniya ba: wannan uba azzalumi ne, waccan kishiya ta cika makirci, wance ba ta kyauta ba da ta juya wa wane baya. Wannan mujalla tana ganin al'amarin ya isa a tsaya a dube shi da idon basira, domin abin da masu kallo ke faɗa cikin waɗannan kwanaki bakwai shi ne ke yanke irin wasan da za a yi mana gobe, har ma da ko za a bari a yi shi.

Tun asali Bahaushe ba ya kallon wasa bakinsa a rufe. Mai ba da tatsuniya ba ta farawa sai an amsa mata, kuma 'yan tashe ba su jin daɗin wasa a gidan da aka yi musu shiru. A fadojin sarakunanmu an san wasan gauta, inda ake kwaikwayon Sarki da hakimansa da fadawansa a gaban idonsu, a fito da halin kowa a fili. Hikimar wannan wasa ita ce, wanda aka kwaikwaya ya yi dariya tare da jama'a, sa'an nan ya koma gida ya yi wa kansa hisabi. Watau tun a wancan zamani an gane cewa rabin aikin wasa yana hannun mai kallo.

Da talabijin ta zo Kaduna a 1962, wannan ɗabi'a ta bi ta. Manyanmu ba su manta da Samanja Mazan Fama ba, wanda marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya riƙa fitowa a matsayinsa, yana nuna zaman bariki da dangantakar soja da farar hula. Ba su manta da marigayi Ƙasimu Yero a Karambana ba, ko Karkuzu na Bodara daga Jos, ko wasannin da gidan talabijin na Jihar Kano ya yi ta fitarwa bayan kafa shi a farkon shekarun 1980. A lokacin akwatin talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda, yara su cika ƙofar gidan mai shi, washegari kuwa a wayi gari da maganar a kasuwa da makaranta. Wanda abin ya dama ƙwarai sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wasiƙa zuwa gidan talabijin, ya sa sunansa da adireshinsa, ya jira. Kafin wasiƙar ta isa, fushi ya huce, abin da ya rage shi ne hujja.

Yau wasannin sun sake salo. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, a shekarar da ta biyo ta fito da Daɗin Kowa, labarin wani gari na ƙirƙira wanda ya tattara malami da ɗan kasuwa, da mai shayi da mai gadi, da Musulmi da Kirista, ya taɓo almajirci da shaye-shaye da zaman aure cikin talauci irin na Kamaye da Adama. A 2019 aka fara Kwana Casa'in, a 2020 kuma Labarina na Aminu Saira. A wannan tsakani ne masu shirya fina-finai na Kano suka karkata ga wasanni masu dogon zango, waɗansu a talabijin, waɗansu irin su Izzar So a YouTube. Mai kallo ya daina jiran gidan waya. Kafin a gama nuna kashi, ra'ayinsa ya riga ya isa ga marubuci da ɗan wasa, da zafinsa da komai. Wannan ƙarfi ne babba da iyayenmu ba su samu ba, kuma a ganinmu akwai hanyoyi 3 da muke ɓarnatar da shi.

Ta farko ita ce kasa raba ɗan wasa da rigar da aka sa masa. Rabi'u Rikadawa ya fito a Labarina a matsayin Baba Ɗan Audu, dattijo mai kwaɗayi da makirci, ya kuwa yi fitowar da ta sa mutane suka tsani dattijon har zuci. Wannan shi ne cikar gwaninta, kuma abin da ya dace da shi yabo ne. Amma sanannen abu ne a wannan sana'a cewa wanda ya ƙware a fitowar mugu yakan sha baƙar magana a kan titi, mace kuwa da ta fito a karuwa ko muguwar kishiya takan ɗauki tambarin har cikin rayuwarta ta gaskiya. In haka ta ɗore, gwanaye za su riƙa gudun irin wannan rawa, a bar mu da wasannin da kowa a cikinsu waliyyi ne. Wasan da babu mugu a cikinsa kuwa ba ya koya wa kowa yadda ake gane mugu.

Ta biyu ita ce ƙwace alƙalami daga hannun marubuci. Duk mako sai a ji masu kallo sun rabu gida biyu, waɗannan suna cewa lalle yarinya ta auri wane, waɗancan suna rantsuwa za su daina kallo in ba ta auri ɗayan ba. Da Nafisa Abdullahi ta janye daga fitowa a matsayin Sumayya a 2022 aka ba Fati Washa, an daɗe ana gardamar fuska da fuska, har ta danne maganar inda labarin ya nufa. Ya kamata mu san yadda kasuwar take. Wasan da ke YouTube yana samun kuɗinsa ne gwargwadon yawan masu kallo, na talabijin kuma gwargwadon tallar da ya jawo. Saboda haka duk abin da ya fi tayar da ƙura, shi mai shiryawa zai so ya ƙara. In kishi da asiri da marin fuska suka fi jawo surutu, za a ƙaro mana su, a yi ta jan labari zango bayan zango har ya rasa kai da gindi. Mu ne za mu dawo muna kukan an ɓata wasa, alhali da bakinmu muka yi odar abin da aka kawo mana.

Ta uku, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce saurin kiran a hana. Da zarar kashi ya nuna uban da ya ci sadakin 'yarsa, ko mijin da ya saki mace da goyo ba ko sisi, ko malamin tsibbu mai damfara, sai a ji ana cewa an zubar da mutuncin Bahaushe, ina hukuma take? A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Wannan magana ce ta ƙa'ida tsakanin hukuma da masu sana'a, kuma doka ta ba ta ikon dubawa. Abin da ya dame mu shi ne yadda waɗansu suka yi ta murna, kamar a ce da an rufe wasan an rufe matsalar. Ai kotunanmu ba su daina cika da ƙarar ci da sha da riƙon 'ya'ya ba don an kashe talabijin. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Sau da yawa abin da ke ƙona mana rai a wasa shi ne ya yi kama da gidanmu fiye da yadda muke so.

Kada a ɗauka muna wanke masu shirya wasanni ne. Ƙorafin jama'a yana da tushe a wurare da dama. Akwai wasannin da kowane gida a cikinsu bene ne, kowane saurayi da motar alfarma, a ƙasar da yawancin masu kallo ke fafutukar abincin yini. Akwai waɗanda ba su san mace ba sai mai kuka ko mai makirci, kamar babu malama ko unguwarzoma ko 'yar kasuwa mai riƙe da gida. Akwai masu cusa Ingilishi a bakin tsohuwar ƙauye, da masu nuna likita ko alƙali yana abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Duk waɗannan sun cancanci suka. Sai dai suka aiki ne mai ƙa'ida: a faɗi wurin da aka kuskure, a faɗi dalili, a nuna yadda za a gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zagi kuwa ba ya nuna wa marubuci komai sai cewa an kalla, wannan kuma riba ce a wurinsa.

A nan ne nauyi ya hau wuyanmu, 'yan'uwa ɗalibai. A jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da sauransu ana koyar da wasan kwaikwayo na Hausa a matsayin fanni, ana nazarin jigo da salo da zubi da tsari a ayyukan magabata irin su Shu'aibu Maƙarfi, mai Jatau na Kyallu da Zamanin Nan Namu. Abin kunya ne a ce mun ci jarrabawa a kan waɗannan, sa'an nan in an zo wasan da dubban ɗaruruwan mutane ke kallo duk mako, bakinmu ya zama ɗaya da na wanda bai taɓa shiga aji ba. Kuma aikin bai tsaya ga 'yan sashen harsuna kaɗai ba. Ɗalibin shari'a ya san ko rabon gadon da aka nuna daidai ne. Ɗalibar likitanci ta san ko ciwon da aka kwatanta haka yake kama mutum. Ɗalibin nazarin zaman jama'a ya san abin da ke tura uba ya aurar da 'yarsa don biyan bashi. In kowannenmu ya kawo abin da ya sani, gardamar mako za ta tashi daga wa ya fi wa kyau ta koma ga me ya sa gidajenmu suke haka.

Saboda haka muna ba da shawara ga duk wanda zai tofa albarkacin bakinsa a kan kashin wannan mako, ya fara yi wa kansa tambayoyi 4. Shin abin da aka nuna yana faruwa a cikinmu ko kuwa ƙage ne? Shin halin da mutumin ya nuna yau ya dace da yadda aka gina shi tun farko? Shin kashin ya ciyar da labari gaba ko kuwa an ci lokacinmu ne kawai? Shin fushina da marubuci nake yi, ko da gaskiyar da ya faɗa? Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da zuciyarsa, ko yabo ya yi ko suka, maganarsa za ta yi nauyi.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyin Hausa da na wasan kwaikwayo na wannan jami'a da su riƙa shirya zaman tattaunawa a ƙarshen kowane zango na manyan wasannin nan, su gayyato marubuta da masu ba da umarni su zo su ji daga bakin masu kallo ido da ido. A namu ɓangaren, shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk sharhin da aka rubuta da hujja da ladabi, mai shi kuma ya sa sunansa a ƙasa kamar yadda masu wasiƙun da suke yi. Masu shirya wasa suna sauraron abin da muke faɗa, hukuma ma tana saurare. Ya rage namu mu faɗi abin da ya cancanci a ji.

Edita