Zomon dutse, halittar ruwa da dajin Sunt

Jama'a masu sauraro a Alsawra da sauran unguwannin Umdurman da Khartum, sharhinmu na yau zai fara daga ƙasar Meksiko, inda dabbobi biyu ke bakin ƙarewa a gefen babban birnin ƙasar.

Na farko ɗan ƙaramin zomo ne mai gajerun kunnuwa, ana ce masa teporingo. Nauyinsa kamar rabin kilo ne, kuma ba ya zama sai cikin doguwar ciyawar da ke gangaren duwatsu masu aman wuta. Noma da kiwo da ƙona daji sun cinye masa wannan ciyawa. Na biyu kuwa asholotal ne, dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare, wanda ba ya barin ruwa. Idan ƙafarsa ta guntule, Allah da ikonsa wata ke tsirowa. Duk da wannan baiwa, a magudanan ruwan Sochimilko yawansa ya faɗo daga 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998 zuwa 36 a 2014. Ƙazantar birni ta gurɓata ruwan, sannan aka zuba baƙin kifaye, ciki har da karfasar Nilu, bultin nan da muke saya a kasuwar Maurada, suna cinye ƙwansa da 'ya'yansa.

Ɗaya a tudu, ɗaya a ruwa, amma ciwonsu guda ne: an rushe musu gida.

To, mu shafa wa gemunmu ruwa. Dajin Sunt da ke bakin Farin Nilu a nan Khartum, kusa da Mugran, an keɓe shi domin tsuntsaye tun 1939. Bagaruwarsa ce masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gatari ya shiga cikinsa saboda itace da gawayi. Ba ma zargin uwar da ta rasa gas ta nemi abin dafa wa 'ya'yanta abinci, amma abin da aka sare sai an mayar.

Muna kira ga hukumar gandun daji ta sa dashen Sunt cikin aikin sake gina Khartum. Limamanmu da shugabannin unguwanni su ja hankalin matasa su fito dashe, mu kuma kowa ya raini bagaruwa ko da guda ɗaya ce.