Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Ilimi da Shugabannin SUBEB na Jihohin Arewa: Kafin a Sake Sayo Kwamfutoci



Masu girma, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar 'ya'yan talakawa da aka ɗora muku. Na rubuto ne kan kuɗin da jihohinmu ke zubawa wajen sayen kwamfutoci da sauran na'urorin zamani don makarantu. Ina goyon bayan a kai su aji, amma ina ganin muna fara kashe kuɗin daga inda ya kamata mu ƙare.

Maganar ba ta jira. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. A 2024 WAEC ta fara tata da masu zana jarrabawa daga waje, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnatin tarayya ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an cika wannan aniya da wuri ko an jinkirta, an riga an ga inda aka dosa. Yaron da ya taso a Legas yana latsa kwamfuta tun yana firamare zai zauna jarrabawa ɗaya da yarinyar da ta fito daga wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙauye, wadda ranar jarrabawar ce hannunta zai fara taɓa linzamin kwamfuta. Ta san amsar, amma mintuna suna tafiya tana neman inda za ta danna. Idan sakamako ya fito a ce yaran Arewa ba sa ƙoƙari. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma ranku ya daɗe, kun fi ni sanin yadda abin yake gudana. A ba da kwangila, a kawo kwamfutoci a kwalaye, a yi wa ɗaki fenti, manyan baƙi su zo a yanke ƙyalle, 'yan jarida su ɗauki hoton yara sanye da sabon yunifom a gaban allon da ke haske. Washegari a sa kwaɗo. Kafin a zargi shugaban makarantar, a tambaye shi dalili. Kayan da sunansa aka rubuta su, idan ɗaya ta ɓace ko ta lalace shi za a kira ofis, kuma makarantar ba ta da katanga balle mai gadi. Ba a ba shi ko kwabo na man janareta ba, wutar NEPA kuwa an yanke tun kafin a kawo shi makarantar. Malamin da ya iya abin an yi masa canji zuwa birni. A irin wannan hali, mutum mai hankali zai ga kulle ɗakin ya fi masa kwanciyar rai, domin ba a taɓa tuhumar wani kan cewa yara ba su taɓa kwamfuta ba, amma ana tuhuma kan kwamfutar da ta ɓace. Sai ƙurar hunturu da zafin bazara su yi nasu aikin. Bayan 'yan shekaru a buɗe a tarar batura sun kumbura, ɓeraye sun cinye wayoyi, a rubuta rahoto cewa makarantar na buƙatar sababbin kwamfutoci.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wadda aka ce ba za ta wuce dala 100 ba. Makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja na cikin waɗanda aka fara gwajin da su a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutocin da dubban ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna abin a makarantu 319 na karkara, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Tun kafin nan, maƙwabciyarmu Nijar ta fara gwajin koyarwa ta talabijin a 1964 da tallafin Faransa, masana daga ƙasashe suna zuwa kallo, amma shirin bai taɓa kaiwa ga mafi yawan makarantun ƙasar ba.

Gwajin da na fi so ku duba shi ne wanda aka yi a yankin Kisumu na ƙasar Kenya, kan koyar da karatu a ƙananan azuzuwa. An raba makarantu. A wasu aka bai wa yara na'urar karanta littattafai, a wasu aka bai wa malamai kwamfutar hannu, a wasu kuma jami'an da ke zagayawa suna duba koyarwa kaɗai aka bai wa. Dukkansu an ba su littattafai da jagoran darasi da horo. Karatun yara ya inganta a ko'ina, kuma makarantun da aka raba wa yara na'ura ba su yi wa sauran wani zarra ba, alhali su suka fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Kenya ta ɗauki mai arhar, ta faɗaɗa shi a shirinta na Tusome. Wato abin da ya yi aiki shi ne littafi a hannun yaro, darasi shiryayye a hannun malami, da wani wanda ke shigowa aji yana ganin yadda ake koyarwa. Na'urar ta taimaka ne wajen tabbatar da cewa mai dubawar ya je da gaske, ba a gindin bishiya ya cike takarda ba.

Saboda haka a firamare, musamman aji ɗaya zuwa uku, shawarata ita ce a bar maganar raba wa yara na'ura. Ajin da yara sama da ɗari ke zaune a ƙasa, mutum biyar suna leƙen littafi ɗaya, benci da littafi da ƙarin malami yake nema. Idan akwai na'ura guda da za a saya, a hannun malami ya kamata ta kasance. Jihar Edo ta fara bin wannan hanya a 2018 a shirinta na EdoBEST, inda malami ke samun darasin kowace rana a kwamfutar hannu, ofis kuma yana ganin wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Akwai masu sukar shirin cewa yana mai da malami mai karanta rubutun wani, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai mu tuna a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Ko da an yi gardama kan yadda aka shirya jarrabawar, kowa ya san akwai malaman da jagoran darasi mai kyau zai zame musu gata. Kuma a daina kiran taron kwana uku a otal da sunan horo, inda ake raba jaka da alawus kowa ya kama gabansa. A mai da aikin hannun kwalejojin ilimi irin su Isa Kaita ta Dutsin-Ma da ta Gumel da Shehu Shagari ta Sakkwato, ya zama babu mai karɓar shaidar NCE sai ya koyar da darasi da na'ura a gaban masu dubawa.

A sakandare lamarin ya bambanta, domin a can yaro yana buƙatar hannunsa ya saba. Kwamfuta ashirin masu rai, da sola da batir, da jadawalin da ya bai wa kowane ɗalibi awa guda ko biyu a mako tun daga SS1, sun fi ɗari da ke cikin kwali. Ba sai da intanet ba, ana iya loda tsofaffin tambayoyi da darussa su yi aiki ba data. A fara da makarantun 'yan mata. Saurayi zai iya hawa keke ya tafi shagon kwamfuta a gari ya biya ya koya, budurwa kuwa in ba a makaranta ta samu ba, da wuya a bar ta ta je.

Duk wannan yana rataye ne a kan yadda ake rubuta kwangila da kasafin kuɗi. Ina roƙon kada a sake sa hannu a kwangilar da ta tsaya a kawo kaya. A haɗa da wuta, da gyara na shekaru, da kuɗin gudanarwa da zai shiga asusun makaranta kai tsaye, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an dawo bayan shekara an ga kayan suna aiki. Masu gyara ba sai an ɗauko su daga Abuja ba. Matasan da ke kwance waya su ɗaura a Farm Centre ta Kano da kasuwannin waya na sauran garuruwanmu, da ɗaliban kwalejojin fasaha, za su iya riƙe makarantun ƙaramar hukuma in aka ɗauke su aikin. A kuma fitar da takarda daga ma'aikata da ke cewa kwamfutar da ta lalace a hannun ɗalibi yana koyo ba laifin shugaban makaranta ba ne.

Sai batun harshe. Yaron da bai iya Turanci ba, in ka ajiye masa bidiyon wani malami yana bayani da Turanci cikin sauri, kallon hoto kawai zai yi. Manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft ta buɗe ƙofa, amma bai kamata mu zauna jiran abin da za a aiko ba. Muna da malaman lissafi da kimiyya da suka iya warware abu da Hausa har ya zauna a kai. A ɗauki darussansu, a yi haka da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu inda ake buƙata. Rarrabawar ba za ta yi wuya ba, tunda masu tura fina-finai a waya sun kai kowane lungu da kasuwar ƙauye. Rediyo ma kada a raina shi. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, darussan da jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa watsawa ta rediyo su ne suka shiga gidajen da ba su da data ba su da wuta.

Na san yanzu ƙirƙirarriyar basira ce ake yayi, kuma masu tallar manhajoji za su yi ta sallama a ofisoshinku. Ku tambaye su ko an gwada abin a makarantar da ba ta da wuta, da wane harshe, kuma wa zai ci gaba da biya bayan shekarar farko.

Roƙona na ƙarshe bai buƙatar kasafi. Kafin a rubuta kuɗin sababbin kwamfutoci a kasafin baɗi, kowannenku ya zaɓi makarantu goma da aka taɓa kai wa kaya, ya je da kansa ba tare da sanarwa ba, ya ce a buɗe ɗakin a kunna. A ƙirga masu tashi, a tambayi 'yan SS3 yaushe rabonsu da shiga, sannan a buga abin da aka gani iyaye su karanta.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalam,
Naku mai kishin makarantun gwamnati.