RA'AYINMU: Mutum Ba Saniya Ba Ne



Kowa a cikinmu ya san hukuncin saniyar da ta faɗi ta karya gadon baya. Ba a jiran gari ya waye, sai a kira mahauci a sa mata wuƙa tun namanta yana da amfani, domin mun san ba za ta sake tashi ba. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, mun lura idan irin wannan tsautsayi ya auka wa mutum, da yawa daga cikinmu da idon nan muke dubansa. Akan shimfiɗe shi a ƙuryar bukka, a yi ta zuwa dubiya mako biyu ko uku, daga nan ƙafa ta ɗauke, a bar shi da matarsa ko tsohuwarsa suna jiran ikon Allah.

Sana'armu kuwa tana cike da hanyoyin samun wannan rauni. Yaran da ke rakiyar shanu bisa ƙarafan kamyo suke zama tun daga kasuwannin Abalak, Dakoro ko Tanut har bakin iyaka, wasu ma har Legas, motar na kifewa sai a tsince su a ƙasa. Da rani samari sukan hau gawo su sassabo wa dabbobi ganye, reshe ya karye da su. Ga masu shiga rijiya yasa, ga wanda bijimi ya ɗaga ya buga da ƙasa, ga faɗowa daga raƙumi, ga kuma babur da ya shiga kowace ruga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 fiye da mutum miliyan 15 ne ke raye da raunin laka a duniya, kuma faɗuwa da haɗarin hanya su ne kan gaba wajen haddasa shi.

Laka ita ce farar igiyar nan da mahauta ke zarowa daga cikin ƙashin baya. Ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Idan ta tsinke ko ta murƙushe, daga wurin raunin zuwa ƙasa mutum ba ya iya motsi, ba ya jin taɓi, ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida. In a wuya ne, har hannuwa sukan mutu. Wadda ta ɗan ƙuje kawai, wani ƙarfin yakan dawo cikin watanni. Amma wadda ta tsinke ɗungum, har yau babu maganin da ke haɗa ta. Saboda haka duk wanda ya ce ku sayar da shanu uku ku kawo masa zai tayar da shi, to shanunku yake so.

Aikin farko yana wurin da abin ya faru. Idan mutum ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a goya shi, kada a naɗe shi bisa babur. Mutum ɗaya ya riƙe masa kai daidai da jikinsa, wasu uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume bisa ƙyaure ko allon mota, a tokare kan da rawani ta gefe biyu, a ɗaure shi, sannan a nufi gidan likita. Ba mu raina masu ɗori, sun gyara mana hannuwa da ƙafafu da yawa, amma ja da murɗar baya na iya ƙarasa tsinke lakar da ta rage.

Bayan an sallamo shi ne jiyya ta gaske ke farawa. Abin da ya fi kashe masu wannan rauni shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da na huhu. Mutum ba ya jin zafin kwanciya, don haka ba ya juyawa, fatar kuturinsa da ta ƙugunsa da dundunniyarsa sai ta mutu ta ɓurme. Maganin wannan shi ne a juya shi bayan kowace awa biyu, dare da rana, a yi masa shimfiɗa mai laushi a bushe, a duba fatarsa safe da yamma. Wurin da ya canja launi ko ya yi tauri, a ɗauke masa nauyi har ya koma daidai. A nisanta ƙafafunsa da wuta da rairayi mai zafi, kuma kada a yi masa lalas ko tsaga. Ya sha ruwa sosai. A nemi ma'aikatan lafiya su koya wa iyalinsa fitar da fitsari da roba cikin tsabta; in fitsarin ya yi kauri da wari, ga zazzaɓi, a koma likita ranar nan. Kullum a riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi ana miƙewa don kada su sandare.

Kada wani ya ce wannan aiki ƙarami ne. A lokacin yaƙin duniya na farko, akasarin sojojin da suka sami raunin laka ba su daɗe ba suka mutu. A shekarar 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya yi gudun hijira daga Jamus, ya buɗe musu sashe a asibitin Stoke Mandeville ta Ingila, ya kafa dokar juya majiyyaci dare da rana, da tsabtar mafitsara, da tayar da mutum ya koyi sana'a. Majiyyatansa suka rayu, har a 1948 suka yi gasar harbin kibiya bisa kekunansu. Babban abin da ya yi amfani da shi hannun mutane ne da haƙuri, mu kuwa muna da su.

Sai dai mace ɗaya ba za ta iya tashi kowace awa biyu ba, ga tatsa, ga daka, ga yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga arɗo-arɗo da garso-garso su raba kwanan jiyya tsakanin gidajen ruga, kamar yadda ake raba layin shayarwa a bakin rijiya. In mace ce abin ya sama, kada a mayar da ita gidan iyayenta kamar ƙwaryar da ta fashe. Kakanninmu sun bar mana haɓɓanaye: a ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya mayar da uwar. Wa ya fi cancantarta kamar wanda jiyya ta cinye garkensa? Haka nan zakkar dabbobi, maraƙi a shanu 30, tunkiya a tumaki 40, a tuna da shi lokacin fitar da ita. Shugabannin kasuwannin dabbobi kuma su buɗe asusu, a riƙa jefa ɗan abin da ya sawwaƙa bisa kowane kan da aka loda, domin yaran mota da suka faɗi.

Har ila yau, kada mu mayar da shi mabaraci. Wanda ya yi shekara ashirin yana bin shanu, idonsa bai karye ba, ya san lafiyayyar dabba, ya san kuɗinta. Da keken hannu ko amalanken jaki zai iya dillanci, ko riƙe lissafin asusu, ko sayar da dusa da kanwa da gishirin lasa, ko tufkar igiya. A sa shi cikin shawara, a kai shi masallaci da wurin suna.

Ga hukuma kuma muna da magana. Mun haddace dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, saboda ita ce ta yi zancen burtali da mashaya. A wannan rana ɗaya aka sa hannu kan doka mai lamba 93-012 ta kare haƙƙin naƙasassu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin labarinta. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a kansu a 2019. Muna roƙon a kawo amfanin waɗannan dokoki har daji: a koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita na yankin kiwo jiyyar raunin laka, a wadata su da robar fitsari, a kuma taimaka wa maƙeranmu su ƙera kekunan da ke iya tafiya cikin rairayi.

Masu kamyo su daina ɗora yara bisa ƙarfe, mai shiga rijiya a ɗaura masa igiya mai ƙwari. Wanda kuma ya riga ya faɗi, kowa ya tambayi kansa yaushe rabonsa da zuwa ya juya shi.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.